Shekarar da Muka Jira Magarya ta Nuna

Ruwan bana ya kawo har gindin ganuwar Haɗeja. Kwana uku ke nan, duk safiya in na fito tsakar gida sai warin geron da ya ruɓe a cikin ruwa ya tare ni, wani wari mai tsami da ke kama maƙogwaro. Mutanen fadama suna ta shigowa birni da kayansu a ka, kowa na cewa bai taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ba na musa musu. Amma ni na taɓa gani, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, kuma a lokacin ba ni da ganuwar da zan shige.

Ni 'yar birni ce. Ubana marini ne, a bakin karofin rini na tashi, ban san wata bishiya ba sai wadda ke yi mana inuwa a ƙofar gida. Da na yi aure sai aka kai ni wani ɗan tudu a tsakiyar fadama, tsakanin Guri da Baturiya, gida shida ne kawai a kansa. Mijina Kyari ne. Yanzu da na tsufa bakina na iya ɗaukar sunan. Da damina ya yi noma, in ruwa ya ja ya yi su. Uwarsa Ya Falmata, muna kiranta Iya. Iyayenta daga gabas suka zo, wajen babban tafki, kuma har ta bar duniya Hausarta ba ta rabu da Barbarci ba. Idonta ya rufe tun kafin in zo gidan, amma babu abin da ke wuce ta. In na kai mata tuwo sai ta bi shi da yatsa, in ta sami gudaji ta ajiye shi a bakin akushi. Ba ta kiran sunana, "'yar birni" take cewa. Ba ma faɗa, amma ba na jin daɗin zama kusa da ita.

Damina ta biyu da zuwana ta fara da kyau. Kowace shekara kogi kan cika ya bazu cikin fadama, mutane kuma sun san iyakarsa: akwai wata goruba a ƙasan gonaki, in ruwa ya taɓa gindinta sai ya tsaya. A shekarar nan bai tsaya ba. Ya zo da wuri, gero yana cikin fitar da kai, ƙwaya ba ta yi ƙarfi ba. Da safe yana gindin gorubar, kafin la'asar ya shiga gonar farko. Muka fita kowa da kowa, maza da mata, ruwa iya ƙirji, muna yankan kan gero muna jefawa cikin ƙwarya. In ka matsa ƙwayar sai farin ruwa ya fito. Muka baza a tsakar gida, to ina ranar da za ta busar da shi? Kwana tara sama ba ta buɗe ba. Geron ya yi baƙi, ya yi funfuna, ko kaji ba su so shi ba.

Kafin wata ya ƙare ruwa ya zagaye mu ta ko'ina. In ka tsaya a tsakiyar tudun, duk inda ka juya sai ruwa da kan ciyawa, sai gorubai tsaye har wuya. Duk abin da ke da rai a fadama ya hawo wurinmu. Ɓeraye suka cika jinka, macizai suka shiga ƙarƙashin rumbu. Sauro kuwa, tun la'asar sai mun hura hayaƙi mun zauna a cikinsa, ido na hawaye.

Da aka duba rumbuna aka ga sauran dawar bara ba za ta kai wata biyu ba, sai maza suka yanke shawarar su haye wajen Kafin Hausa, inda ruwa bai ci gonaki ba, su yi aikin girbi a ba su hatsi, su nemo jirgi su dawo. Mu a tudunmu babu jirgi, sai gora. Gora kuwa ƙaton duma ne, mutum ya kwanta a kansa rub da ciki yana tuƙi da hannu da ƙafa. Da Kyari zai shiga ruwa ya juyo ya ce mini, "Kwana goma, in Allah ya so. Ki kula da Iya." Ina da cikin wata uku a lokacin, kunya ta hana ni gaya wa kowa, har shi.

Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce. Wata rana wani masunci ya gitta ta nesa, ya ɗaga murya ya ce mahara sun cika hanyoyin tudu, suna kama duk wanda suka samu. A zamanin nan yaƙi ba ya ƙarewa, ba ka ma san mahara na wane ne ba. Daga ranar matan sauran gidajen suka fara hayewa Guri, yau biyu gobe uku, da 'ya'yansu a goye. Ta ƙarshe ita ce Gaji, maƙwabciyarmu, mace mai ƙarfi wadda ta iya ruwa kamar namiji. Ta same ni ina daka.

Ta ce, "Hajara, gobe da safe zan haye. Gora ɗaya ya rage, naki ne."

Na ce, "Iya fa?"

Ta dubi ɗakin Iya, ta rage murya. "Makauniya a kan gora? Wuni guda ne a ruwa, ga kada ga dorina. In ta zame wa zai kamo ta? Ki zo, in mun isa sai mu aiko da jirgi."

Daga cikin ɗaki sai muryar Iya ta fito. "Bi ta, 'yar birni. Ki dai bar mini ruwa a tulu da wuta a murhu."

Ban bi ta ba. Daga baya mutane sun yi ta yabona a kan haka. Gaskiya ita ce tsoro ya fi yawa a ciki. Ban iya ninƙaya ba, ga ciki, da na ga goran yana rawa a bakin ruwa sai na ja da baya. Maganar Kyari ma tana ciki, amma ita ce ƙarama. Na tsaya ina kallon Gaji har kanta ya zama ɗan ɗigo cikin ciyawa. Jirgin kuwa bai zo ba. Ashe ta yi ta roƙo a Guri, amma masu jirage duk sun ɓoye su cikin ruwa saboda mahara.

Muka saura mu biyu da akuya ɗaya. Da asuba in tashi in duba wuta, domin in ta mutu babu maƙwabcin da zan ɗebo a wurinsa. Da busasshen kashin akuya da ƙwallon goruba nake riƙe ta. In kai wa Iya ruwan alwala. In tatsi akuya, abin da ba zai rufe gindin ludayi ba. Da hantsi in shiga bakin ruwa iya cinya in tono bado da yatsun ƙafa, ina waige-waige. Da rana in daka dawa cikin tafin hannu ɗaya, in haɗa da ganyen tafasa mai yawa don ta auku. Mu ci sau ɗaya, bayan azahar. Daga nan babu sauran aiki sai zama. Iya na jan carbi, ni ina kallon inda Kyari ya shiga ruwa. Wani wunin ba za mu yi magana ta wuce biyar ba.

Ruwan sama ya ɗauke, zafin kaka ya sauko, irin wanda ke tasowa daga ruwa kamar tururin tukunya. Jikina ya yi ƙuraje, tsakanin yatsun ƙafata ya saluɓe. Badon da ke kusa ya ƙare, na nesa kuma ba ni da zuciyar binsa. Wata la'asar akuyar ta sauka shan ruwa, ina tsaye bai fi taku goma ba, sai ruwa ya buɗe, kada ya ja ta. Ko kuka ba ta gama ba. Bayan kwana shida na shiga rumbu na share gindinsa da hannu, na fito da abin da bai cika ƙoƙo ba.

Na durƙusa gaban Iya na ce, "Dawa ta ƙare."

Ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Je ki bayan tudu, inda ƙaya ta yi duhu. Akwai magarya. Tun watan jiya na ji ƙamshin furenta, ƙuda na ta bi. Duba ko ta fara."

Magarya na santa a kasuwa, a cikin ƙwarya, amma ban taɓa ganinta a jikin uwarta ba. Na je na tarar da sarƙaƙiyar ƙaya, wasu sun fi ni tsawo, wasu iya ƙugu. Can gefe ga wasu ɗauke da 'ya'ya jajaye, sun yi kyau har suna ƙyalli. Daɗi ya hana ni ɗanɗanawa. Na ce sai na kai wa Iya mu fara tare. Na wuni ina tsinka. Ƙayar ta kama zanena, in na cire nan ta kama can, hannuna duk ya yi jini. Da la'asar na ajiye mata ƙwarya cike.

Ta ɗauki ɗaya ta murza, ta kai baki, ta tofar. Ta laluba cikin ƙwaryar ta ciro wani ganye da ya faɗo ciki, ta shafa shi.

"Wannan magaryar kura ce. Ba ta da nama, sai ɗaci. Zubar."

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun tafiyar Kyari. Ta bar ni na gama. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Tashi ki kai ni."

A bakin sarƙaƙiyar ta saki hannuna ta shiga laluba da kanta, a hankali, ƙaya ko ɗaya ba ta kama ta ba. Ta tsinko ganye biyu daga wurare dabam-dabam, ta kama yatsana ta ɗora a bayan na farko.

"Me kika ji?"

"Santsi."

"Wannan fa?"

"Laushi, Iya. Kamar gashin auduga."

"Ke mai ido, juya shi ki gaya mini."

Na ce, "Samansa kore ne mai ƙyalli, ƙasansa fari-fari kamar an barbaɗa toka."

"To ita ce. Ganyenta ƙarami ne, kusan zagayayye, jijiya uku sun taso daga gindinsa. Na kura ya fi faɗi, yana da tsini, gaba da baya duk santsi. Kada ƙaya ta ruɗe ki, dukansu biyu-biyu suke, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe. Kurna kuwa doguwa ce, ba ma da ita a nan. Bayan ganye za ki shafa, shi ke nan."

Na duba itacen da ta nuna. 'Ya'yan suna nan jingim, amma kore shar, ƙanana kamar ƙwayar gujiya. Na wuce su da safe ban ko kalle su ba.

A hanyar komawa ta ba ni labarin itatuwan, maganar da ta fi kowacce tsawo tun zuwana gidan. Ta ce lokacin da aka kawo ta tudun nan babu ta gaske ko ɗaya, sai ta kura. Ita ta zo da ƙwallaye a gefen zane daga garinsu. Na farko da ta binne haka nan ba su fito ba. Sai wata tsohuwa ta ce mata ta ɗan tsaga ƙwallon da dutse ba tare da ta taɓa idon da ke ciki ba, ta shuka a bakin ruwa lokacin da yake ja, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Shekara huɗu ta jira kafin ta ɗanɗana.

Na ce, "Waɗannan fa yaushe za su nuna?"

"Sai sanyi ya fara. Kwana ashirin, ko talatin."

Waɗannan kwanakin ban san yadda zan kwatanta su ba. Abinci yana gabanka, kana ganinsa, ba ya ciyuwa. Muka rayu da ganye da 'yan katantanwar bakin ruwa da ɓawon goruba da nake dakawa. Na mai da wunina gindin magaryar, ina korar tsuntsaye da ɓeraye da kara, ina duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya kamar kallona zai sa su yi sauri. Wata rana yunwa ta fi ƙarfina na ci kore cike da hannu biyu. Tsami ya kashe mini haƙori, kafin azahar cikina ya murɗa, na yi ta birgima a tsakar gida. Iya ta rarrafo ta dafa marata.

"Kina so ki zubar mini da jika ne?"

Duk da ciwon sai da na ɗago kai. "Wa ya gaya miki?"

"Takunki. Tun kafin ruwa ya zo ya sake."

Da iska ta juya, safiya ta fara sanyi, sai 'ya'yan suka fara rawaya, daga nan ja, daga nan suka yi ruwan ƙasa suna yamushewa. Iya ta ce kada in tsinka da hannu, in shimfiɗa tabarma a ƙasa in kaɗa reshe da sanda, wanda ya nuna zai faɗo da kansa. Na farko da na sa a baki, zaƙi da ɗan tsami, gari-gari a harshe, sai da na ji shi har cikin kunnena. Muka shanya su kwana biyu. Ta koya mini dakan: a hankali, don nama ya rabu da ƙwallo ba tare da ƙwallon ya fashe ba. In tankaɗe, garin ya fito ja-ja mai ƙamshi. Da safe in dama mu sha, da rana in yayyafa masa ruwa in dunƙula, in turara a kan tukunya har ya kama jikinsa. Ba ya ƙosarwa kamar tuwo, amma jiri ya daina ɗibana in na miƙe. Yau in matan ƙauye suka shigo da magarya birni, abin tsotso ce ta hira, a tsotsa a tofar a bakin hanya. Ni har yanzu ba na iya taka ƙwallon magarya, sai na kauce.

Na yi zaton in ruwa ya ja mun fita. Ashe ja da bayansa ya fi zuwansa tsanani. Ya bar taɓo baƙi, tafiyar rabin wuni ta kowane gefe, gora ba ya tafiya a kansa, ƙafa kuma ba ta tsayawa. Na gwada sau ɗaya. Taku ashirin na nutse har cinya, da ƙyar na jawo kaina da ciyawa, na fito matsattsaku sun manne mini a ƙafa. Ga kurmin Guri can ina hangen kan itatuwansa da rana tsaka. Daga ranar wani abu ya mutu a jikina. Na fara kwanciya har hantsi, wuta ma sau biyu ta kusa mutuwa. Magaryar kuma tana raguwa, ina ganin rassan suna yin fili.

A cikin haka ne Iya ta ɗaure ƙwallaye a tsumma ta ba ni. Na itacen da ya fi zaƙi ne, ita ta ware su da kanta.

"Ki tsaga su yadda na gaya miki, ki shuka a bakin taɓo, a jere, daga gorubar gidanmu zuwa ta gidan Gaji. In mai gidan ya dawo ya tarar da shinge. Kullum da safe ki je ki duba."

Na kai su bayan gida na ɗora na farko a kan dutse. Na buga da ƙarfi, ya fashe, idon ya fito, ɗan mitsitsi, mai maiƙo. Na sa a baki. Na fasa na biyu. Ban tashi daga wurin ba sai da tsumman ya zama wayam. Na dawo na ce mata na shuka.

Kowace safiya sai ta ce, "Je ki duba." In tashi in je bakin taɓo in tsaya, in dawo. A rana ta takwas na ce mata sun fara fitowa, don na gaji da tambayar. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Gobe ki kai ni in taɓa su."

Da la'asar ɗin nan na ruga sarƙaƙiya na tono wasu 'yan tsiro da suka fito da kansu a inuwa, na jera su a bakin taɓo, na danna ƙasa da ƙafa. Da safe na kai ta. Ta durƙusa, ta bi ƙasar da tafin hannu, ta sami na farko. Ta shafa ganyen. Ta matsa ga na biyu, ta shafa. Ta ɗan ja shi sai ya biyo hannunta.

"Ta kura ce," in ji ta. "Jiya aka dasa ta. 'Yar birni, ko ƙarya za ki yi ai kya shafa bayan ganye."

Ban san lokacin da murya ta fito mini ba. "Na cinye su! Duka na cinye! Shingen me? Wa zai gani? Ɗanki ba zai dawo ba, Iya! Da zai dawo da ya dawo! Mutuwa za mu yi a nan, ke kina maganar shuka!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Da na gama sai na ji tsoron abin da na faɗa. Tana nan durƙushe, da ɗan tsiron a hannu.

Ta ce, "Na sani. Wata huɗu. Kyari ko da rarrafe ne da ya iso."

"To don me kika sa ni?"

"Na ji kin daina tashi da safe. Wanda ya daina tashi a wuri irin wannan, ba ya daɗewa. Ba ni da abin da zan aike ki sai wannan." Ta jefar da tsiron. "Da kika cinye ma ba asara ba ce, cikin jikana suka shiga. Je ki kaɗo wasu, guda uku sun isa. Ni zan riƙe miki hannu wajen bugun."

Muka shuka uku a wurin. Ban san ko sun fito ba, domin ban sake taka tudun nan ba har yau.

Bayan kwana goma sha biyu taɓon ya yi ɓawo, ya fara tsagewa. Na ga sawun gada ya ratsa shi bai nutse ba. Muka dunƙula sauran garin, na ɗaura tulu ƙarami a ka, na sari sanda, na riƙe gaba Iya ta riƙe baya. Wani wurin ɓawon ya ɗauke mu, wani wurin ya fashe mu zurma har gwiwa, in fito in jawo ta. Cikina ya yi nauyi, duk taku ɗari sai na tsaya. Tafiyar da masu lafiya ke yi kafin azahar, mu sai da rana ta yi ja muka shiga Guri. Matan da ke bakin rijiya suka watse da gudu, sun ɗauka fatalwoyi ne. Gaji ce ta gane mu, ta faɗi ƙasa tana salati.

A wurinta muka ji. Kwana biyu da hayewarsu mahara suka tare mazanmu a hanya, suka ɗaure su suka yi arewa da su. Mutum ɗaya ne ya kuɓuta, ba Kyari ba. Iya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta nemi ruwan alwala. Ba a sake jin labarinsa ba.

Muna kwana bakwai a gidan da Gaji ta sauka sai ga yayana Habu daga Haɗeja da jaki, labari ya kai musu ina raye. Ya gai da Iya da ladabi, sannan ya ja ni gefe.

"Shirya, da safe za mu kama hanya. Baba ya ce ki haihu a gida."

Na ce, "Da Iya za mu."

"Hajara, birni ma ana cikin yunwa. Gidanmu baki goma sha ɗaya. A nan akwai mutanen tudunsu, ba za su bar ta ba. Ɗanta ya tafi. Mece ce ita a gare ki yanzu?"

Na juya na koma ɗaki. Shi kuma ya ɗauka na yarda.

Da safe ya ɗaura wa jaki shimfiɗa a ƙofar gida. Na shiga na ce wa Iya ta fito mu yi sallama. Na miƙa mata bakin sanda ta kama, muka fito. Ta ji motsin jakin, ta tsaya, ta sa mini albarka, ta ce in an haihu a aiko mata da labari. Habu ya ce in hau, rana na yi. Ga hanya nan a buɗe, busasshiya, ta miƙe har birni, abin da na yi wata biyar ina roƙon Allah.

Iya ta ɗan ja sandar, ta ji har yanzu ina riƙe.

"Saki, Hajara," in ji ta. Ranar ce ta fara kiran sunana.

Na ce, "Yaya, ɗora ta a kan jakin. Ni zan taka."

Ya dube ni, ya dubi cikina. Ban saki sandar ba. Sai ya durƙusa ya ce, "Iya, kawo ƙafarki."